Goge, Banjo da Muryoyin Karkara: Yadda Aka Yi Dakon Waƙoƙin Fim ɗin Cold Mountain

A ƙarshen shekarar 2003 kamfanin Miramax ya cika allunan talla na Amurka da fuskoki uku: Nicole Kidman, Jude Law da Renée Zellweger. Fim ɗin Cold Mountain ne ke tafe. An kashe masa kusan dala miliyan 80, kuma daraktansa, Anthony Minghella, ya riga ya ci lambar Oscar da wani fim ɗin yaƙi a baya. Sai dai akwai rukunin jama'ar da fuskokin nan ba su dame su ba. Masu goge ne da masu kaɗa banjo, da masu tara tsofaffin faya-fayai, da dattawan da ke rera waƙoƙin ibada a ƙananan coci-coci na karkarar Kudancin ƙasar. Su faifan waƙoƙin fim ɗin suke dako. Ya fito ranar 16 ga Disamba, fim ɗin ya biyo baya ranar Kirsimeti, kunne ya riga ido da kwana tara.

Mai bin finafinan Kano ya saba da haka, waƙa ta riga fim shiga kasuwa har a haddace ta kafin a ga wanda zai hau kanta. Amma abin da ke ran waɗannan masu jiran ya wuce son jin daɗi. Kiɗan da za a saka na talakawan tsaunukan Apalaciya ne, kiɗa mai kaushi, ba ado ba kwalliya, wanda aka gada daga baki zuwa baki. Tsoronsu shi ne Hollywood ta ɗauke shi ta wanke, ta shafe shi da mai, ta mayar da shi abin da masu shi ba za su gane ba.

Littafin da ya zo da kiɗansa

Charles Frazier, haifaffen garin Asheville a jihar Karolina ta Arewa, ya fitar da Cold Mountain a 1997. Shi ne littafinsa na farko, kuma a shekarar ya lashe babbar lambar National Book Award, ya sha gaban gwanaye irin su Don DeLillo. Labarin wani sojan Kudu ne mai suna Inman, wanda aka yi wa mummunan rauni a wuya gab da ƙarshen yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Wani dare ya sulale daga asibiti, ya kama hanya a ƙasa zuwa gida, can gindin wani dutse mai tsayin ƙafa 6,030 a gundumar Haywood, inda ya baro Ada, 'yar wani fasto da suka zo daga birnin Charleston. Tushen labarin daga dangin marubucin ne, domin wani ɗan'uwan kakanninsa, W. P. Inman, ya yi irin wannan tafiyar da gaske.

Yaƙin nan kan bauta aka yi shi. A 1860 bayi sun kusa miliyan 4 a Amurka, kuma manyan masu gonakin auduga na Kudu sun gwammace su ɓalle da a taɓa musu dukiyar da suka tara ta 'yan Adam. Mutanen da suka mutu a yaƙin an daɗe ana ƙiyasta su da 620,000, wasu masana na baya-bayan nan kuma suna kai adadin 750,000. Amma yawancin mazauna duwatsu ba su mallaki bawa ko ɗaya ba. A 1862 gwamnatin Kudu ta kafa dokar shiga soja dole, a shekarar kuma ta yi wata dokar da ta ɗauke wa gonar da ke da bayi 20 ko fiye nauyin tura mutum guda. Talaka ya ga haka ya gane yaƙin na mai kuɗi ne, jinin kuwa nasa. Gudu daga fagen daga ya zama ruwan dare a Karolina ta Arewa, aka kafa 'yan sintirin gida don farautar masu gudun. Mutanen duwatsu suka shiga halin gaba kura baya sayaki. A Janairun 1863, a kwarin Shelton Laurel, sojojin Kudu suka harbe mutum 13, cikinsu har da yara maza, bisa zargin goyon bayan Arewa.

A wannan duniyar Frazier ya ajiye wani mutum da ya fi kowa tsaya wa makaɗa a rai, Stobrod, mahaifin Ruby, budurwar da ke taya Ada aikin gona. Mashayi ne, malalaci, wanda ya sha barin 'yarsa tana ƙarama ta nemi abincinta a daji. Ɗan abin da ya iya da goge bai wuce sautuka shida ba, na rawa da shan giya. A lokacin yaƙi aka kira shi ya yi wa wata yarinya kiɗa, wadda ta ƙone tana gab da cikawa. Ya ƙare shidan nan kaf, yarinyar ta ce ya ƙirƙiro mata nasa. Abin da ya fito daga hannunsa a ranar shi ya canza shi. Daga nan ya dinga bin mashayun birnin Richmond yana zama wajen makaɗa baƙar fata yana koyo, har ya tara ɗaruruwan sautuka a kansa. Da hannunsa ya sassaƙa sabon goge, ya yi wa kansa siffar kan maciji, sannan ya farauto macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya, ya yanke kacau-kacau ɗin ya jefa cikin gogen. Wannan ba ƙirƙirar marubuci ba ce, makaɗan yankin sun daɗe suna yin haka.

Wanda ya karanta waɗannan shafuka dole ya so jin sautin. Tun kafin a fara ɗaukar fim, makaɗa uku, Tim O'Brien da Dirk Powell da John Herrmann, suka zauna suka naɗi faifai mai suna Songs from the Mountain, suka bi waƙoƙi da sautukan da littafin ya ambata. Kenan masu karatu sun riga sun ji yadda abin ya kamata ya kasance, suna da ma'aunin da za su auna na Hollywood da shi.

Mutumin da aka ɗora wa nauyin

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar a nan ita ce sunan T Bone Burnett. Makaɗi ne da ya tashi a Fort Worth ta jihar Texas, ya yi yawon kiɗa da Bob Dylan a 1975, daga baya ya koma shirya wa mawaƙa faya-fayai. A shekarar 2000 ya haɗa waƙoƙin fim ɗin O Brother, Where Art Thou? na 'yan'uwan nan biyu, Joel da Ethan Coen. Tsofaffin waƙoƙin Kudu ne zalla, irin waɗanda gidajen rediyon kasuwa suka ƙi sakawa. Duk da haka faifan ya sayu miliyoyi, ya hau saman jadawalin Billboard, kuma a Fabrairun 2002 ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara. Dattijo Ralph Stanley, mai shekara 70 da ɗoriya, ya tsaya a taron ya rera waƙar mutuwa da muryarsa kaɗai, ba ganga ba jita, ya tafi gida da tasa kyautar.

Saboda haka da aka ji Burnett ne zai riƙe waƙoƙin Cold Mountain, zukata suka ɗan kwanta. Shi ma Minghella ba baƙo ba ne a harkar. A The English Patient na 1996, wanda shi ma daga littafin yaƙi aka ciro shi, muryar Márta Sebestyén ce, mawaƙiyar gargajiya daga Hangari, ke ratsa fim ɗin. Mutum ne da ya san abin da tsohuwar waƙa ke iya ɗauka. Amma aikin wannan karon ya fi na O Brother wuya. Wancan fim ɗin barkwanci ne na shekarun 1930, zamanin da aka riga aka fara naɗar sauti, akwai faya-fayan da za a koma a saurara. Wannan kuwa 1864 ne, ba wanda ya naɗi muryar kowa. Sai dai a bi tsofaffin littattafan waƙa, da abin da irin su Cecil Sharp da Maud Karpeles suka rubuta lokacin da suka zo daga Ingila suka zaga duwatsun tsakanin 1916 da 1918, suka tattara sautuka fiye da 1,600, da yawansu waƙoƙin da kakanni suka taho da su daga Ingila da Sikotlan. Sauran kuma yana bakin tsofaffi da almajiransu.

Abubuwa biyu suka tayar da ƙura kafin fim ya fito. Na farko, yawancin ɗaukar hoton a Romaniya aka yi shi, a tsaunukan Kafatiya, saboda sauƙin kuɗi da kuma ƙarancin wayoyin lantarki da titunan kwalta a karkarar can. Mutanen Karolina ta Arewa ba su ji daɗi ba. Idan duwatsun ma na aro ne, kiɗan ne kaɗai ya rage da zai zama na gida. Na biyu shi ne Jack White, matashin Detroit na ƙungiyar White Stripes, wanda a shekarar ce ya fitar da Seven Nation Army, sautin nan da masu kallon ƙwallo ke rerawa a filayen wasa har yau. Me ya haɗa mai jitar lantarki da waƙar duwatsu? An ba shi matsayin Georgia, wani saurayi da ya gudu daga soja, aka kuma ba shi waƙoƙi biyar a faifan. A ganina ya fita kunya. Ya rera Wayfaring Stranger da siririyar murya mai rawa, bai yi ƙoƙarin burge kowa ba, kuma ta dalilinsa matasa da dama suka sayi faifan da ba za su taɓa kallonsa ba a kanti.

Amma ƙarfin aikin yana hannun waɗanda ba a san sunansu ba. Akwai Dirk Powell da Stuart Duncan, gwanayen kayan tsirkiya. Akwai Riley Baugus, mai walda kuma maƙeri daga Karolina ta Arewa, wanda ya koyi kiɗa a gaban tsoho Tommy Jarrell. Shi ya ba Pangle, abokin tafiyar Stobrod, muryar waƙa. Brendan Gleeson, ɗan ƙasar Ailan da ya fito a Stobrod, da ma can mai goge ne, don haka hannunsa bai yi ƙarya a gaban kyamara ba. Sai Tim Eriksen, ɗan Massachusetts, mai nazarin kiɗan al'ummomi, wanda ya kai su Burnett inda babbar taskar take.

Cocin Liberty

Inda ya kai su shi ne wani ƙaramin coci na Baptist mai suna Liberty, a garin Henagar da ke kan tudun Sand Mountain a arewa maso gabashin Alabama. A nan iyalai irin su Ivey da Wootten suka riƙe wata al'adar waƙa da ake kira Sacred Harp, daga sunan littafin da B. F. White da E. J. King suka buga a 1844. Maimakon a ɗebo mutum biyar ko shida a kai su situdiyo, sai aka ɗauko na'urori aka kawo cocin, aka tara mawaƙa fiye da 60 a ɗakin da suka saba.

Ga yadda ake yi. Ana jera kujeru ɓangare huɗu suna fuskantar juna, a bar fili mai kusurwa huɗu a tsakiya. Kowane ɓangare da irin muryarsa. Babu fiyano, babu ganga, babu 'yan kallo, duk wanda ya shigo mawaƙi ne. Alamomin sautin da ke littafin siffofi huɗu ne, alwatika da ƙwai da murabba'i da daimon, kowace da sunanta, fa, sol, la, mi, dabarar da aka ƙirƙiro tun farkon ƙarni na 19 don manomin da bai je makarantar kiɗa ba ya iya karantawa. Ana kiran mutum ɗaya ya shiga tsakiya, namiji ko mace, tsoho ko yaro, ya faɗi lambar shafi. Wani ya ɗauko sautin farawa da kunnensa. Sai a fara rera sunayen siffofin tukuna, sannan a shiga kalmomin. Hannuwa na sama da ƙasa tare, ƙafafu na dukan daɓen katako, kowa ya buɗe maƙogwaro iyakar ƙarfinsa. Yana gamawa ya zauna, a kira wani. Haka ake wuni, da tsakar rana a fita a ci abincin da kowane gida ya kawo, kuma akwai lokacin da ake tsayawa a karanto sunayen waɗanda suka rasu a shekarar a yi musu waƙa.

Waƙoƙi biyu daga wannan zaman suka shiga fim ɗin. I'm Going Home ita ake rerawa a coci lokacin da labarin ɓallewar jihar Karolina ta Arewa ya iso, samari na ficewa waje suna murna alhali waƙar ba ta ƙare ba. Masu bin diddigi za su ce littafin da ya fi yaɗuwa a yankin Karolina a lokacin shi ne Southern Harmony na William Walker, na 1835, kuma gaskiyarsu. Sai dai siffofin huɗun nan ne, waƙoƙi da dama ma ɗaya ne.

Ta biyun, Idumea, ita ce inda Minghella ya nuna gwanintarsa. Ya buɗe fim ɗin da yaƙin ramin Petersburg a jihar Bajiniya. Sojojin Arewa na runduna ta 48 ta Pennsylvania, masu haƙar kwal ne a gida, sun haƙa rami mai tsawon ƙafa 511 zuwa ƙarƙashin sansanin Kudu, suka cusa albarushi tan 4. Da asubahin 30 ga Yulin 1864 suka tayar da shi. Nan take mutum kusan 300 suka hallaka, ƙasa ta buɗe zurfin ƙafa 30. Maimakon maharan su zagaye ramin, sai suka afka cikinsa suka kasa fita, 'yan Kudu suka tsaya a baki suna harbinsu. Arewa ta yi asarar kusan mutum 3,800, matattu da raunanu da kamammu. A kan wannan turmutsitsin na laka da jini darakta ya ɗora muryoyin Henagar, suna rera kalmomin da Charles Wesley ya rubuta a 1763, na mutumin da ke tambayar kansa game da mutuwa da inda rai zai nufa, bisa sautin da Ananias Davisson ya buga a 1816. Ƙungiyar makaɗan birni da an saka a wurin, da ta gaya wa mai kallo ya ji tausayi ko ya ga jarumta. Waɗannan muryoyin kuwa irin na iyaye da matan waɗanda ke mutuwa a ramin ne, waƙar da da yawansu suka tashi suna ji. Waɗannan 'yan mintocin sun biya duk jiran da aka yi.

Akwai wani wurin da ya kusa kai shi. 'Yan sintiri ƙarƙashin wani mai suna Teague suka riski Stobrod da Pangle a bakin wuta cikin dusar ƙanƙara, suka zauna suka sa su yi kiɗa, suka saurara har wasunsu suka yi laushi, suna gamawa aka jera su aka harbe. Pangle, wanda ba shi da cikakken wayo, murmushi yake ta yi, har aka ce ya rufe fuskarsa da hularsa. Frazier ya ɗauko wannan daga labarin da ake bayarwa a duwatsun, na wani mai goge da 'yan sintiri suka sa ya yi sautin ƙarshe kafin su kashe shi.

Gabriel Yared, haifaffen Labanan, shi ya rubuta kiɗan fiyano da tsirkiya mai laushi da ke bin soyayyar Ada da Inman, kuma ya dace da 'yar birnin da ta zo da fiyano cikin duwatsu daga baya ta musanya shi da abin da za ta rayu. Sting da Elvis Costello suka rubuta sababbin waƙoƙi biyu a tsohon salo, Alison Krauss ta rera. Waɗannan waƙoƙi biyu ne aka zaɓa takarar Oscar, domin dokar gasar sabuwar waƙa kawai take dubawa. Ba su ci ba. Cikin zaɓe bakwai da fim ɗin ya samu, Zellweger ce kaɗai ta tafi da lamba a daren 29 ga Fabrairun 2004, amma mawaƙan Sacred Harp sun hau dandalin, duniya ta ji su. Faifan bai kai ko kusa da cinikin O Brother ba. Abin da ya haifar shi ne sababbin fuskoki a wuraren waƙar, kuma yau ana zaman Sacred Harp a Ingila da Ailan da Jamus da Folan.

Bashin da ba a biya ba

Ga inda raina bai kwanta da aikin ba. Banjo, wanda ake yi wa kallon kayan farar fatar duwatsu, bayi 'yan Afirka ne suka haɗa shi a tsibiran Karibiyan. Hans Sloane ya gan shi a Jamaika a ƙarshen shekarun 1680, an buga zanensa a 1707: duma, fata, sanda da tsirkiya. Thomas Jefferson da kansa ya rubuta cewa daga Afirka suka zo da shi. Bahaushen da ya ga wannan zanen zai tuna gurmi, kuma masu bincike suna lissafa gurmi da molo cikin dangin kayan tsirkiyar Afirka ta Yamma da banjo ya fito daga cikinsu. Wanda ya fi kama da shi shi ne akonting na ƙabilar Jola a Gambiya da Senegal, wanda Daniel Jatta ya nuna wa masu nazarin banjo a Amurka a shekarar 2000. Yadda ake dukan tsirkiyarsa da bayan farce zuwa ƙasa, babban yatsa na taɓa gajerar tsirkiya, haka Riley Baugus ke kaɗa nasa.

Littafin ya faɗi gaskiya, ya nuna wajen wa Stobrod ya yi koyo. Fim ɗin bai ba wannan wuri ba. Bayi suna bayyana jefi-jefi, kusan ba sa magana. A ramin Petersburg na gaskiya, rundunar sojoji baƙar fata ce aka horar ta jagoranci harin, aka janye ta daga gaba a ƙurarren lokaci, aka tura ta bayan abu ya lalace, kuma an kashe da yawansu bayan sun miƙa wuya. A fim ɗin ɗan walƙiya kawai aka nuna su. Ko Sittin' on Top of the World da Jack White ya rera, ƙungiyar Mississippi Sheiks ce, makaɗan goge da jita baƙar fata, ta fara naɗarta a 1930, shekara 65 bayan yaƙin. Sacred Harp ɗin ma tana da reshen baƙar fata a kudancin Alabama, inda Judge Jackson ya buga nasu littafin a 1934. Mutum mai ilimin Burnett ya san duk wannan, kuma fim ɗin da ke kan yaƙin bauta ya fi kowane cancantar a ji waɗannan muryoyin a cikinsa.

Gyaran daga wani wurin ya zo. A Afrilun 2005 aka yi taron masu banjo baƙar fata a garin Boone, cikin duwatsun Karolina ta Arewa. A can Rhiannon Giddens da Dom Flemons da Justin Robinson suka haɗu, suka koma suna zuwa gidan Joe Thompson a Mebane, dattijon da ke cikin na ƙarshen masu gogen gargajiya baƙar fata a jihar, suna koyon sautukan da ya gada daga mahaifinsa. Suka kafa ƙungiyar Carolina Chocolate Drops, kuma a 2011 faifansu ya ci Grammy a rukunin waƙoƙin gargajiya. Thompson ya ga wannan da idonsa kafin ya rasu a 2012 yana da shekara 93.